Jirin da ke zuwa idan an juya a kan shimfiɗa



Akwai wani irin jiri da muka daɗe muna jin labarinsa a tsakaninmu, daga Sabon Ibadan zuwa Agege da Idi-Araba, har Ama Hausa ta Owerri. Duk wanda ya taɓa ɗanɗana shi kusan labari iri ɗaya yake bayarwa. Yana kwance lafiya ƙalau, ya juya ɓari ɗaya cikin dare, ko ya yunƙura zai tashi da asuba, sai ɗaki ya kama juyawa da shi kamar fanka. Ya riƙe bakin gado, zuciya na tashi, gumi na keto masa. Kafin ya gama salati abin ya lafa. Da ya sake juyawa ta wannan ɓarin, sai ya dawo sabo fil.

Idan gari ya waye aka zo gaisuwa, kowa da abin da zai ce. Wannan ya ce hawan jini ne, wancan ya ce maleriya ce ko taifot, wata ta ce jini ne ya yi ƙasa a nemo zogale da hanta. Idan kuma abin ya cika zuwa da tsakar dare, ba a rasa mai rage murya ya ce iska ce. Kafin a ankara an kashe kuɗin kemis, an sha allurai, an ƙara ruwa, jiri yana nan inda yake. A halin da ake ciki mai jirin ya daina fita neman abinci, ya daina zuwa jam'i, yana tsoron shimfiɗarsa kamar an ajiye masa maciji a ciki. Mu da muke zaune nesa da gida mun san abin da kwana bakwai ba fita yake nufi ga mai iyali. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu faɗi abin da muka fahimta game da wannan ciwo, domin yana cikin cututtukan da maganinsu yake da sauƙi ƙwarai idan aka gane su.

Da farko, kalmar jiri a bakinmu tana ɗauke da abubuwa da yawa. Akwai jirin da ke zuwa idan mutum ya miƙe tsaye da sauri, ya ga duhu-duhu kamar zai suma. Wannan yawanci daga jini yake, ko ƙishirwa, ko yunwa, ko wani maganin hawan jini da ake sha. Akwai kuma rangaji, mutum yana tafe kamar ƙasa ba ta tsaya daidai ba. Sai na uku, wato hajijiya, inda mutum zai ga ɗaki ko shi kansa yana kewayawa. Wanda muke magana a kai hajijiya ce, mai zuwa idan kai ya sauya matsayi, ba ta kuma cika kai minti ɗaya ba. Likitoci suna taƙaita sunanta da haruffa huɗu, BPPV. Yana da kyau a riƙe haruffan nan, domin ranar zuwa asibiti.

Tushen abin yana can cikin kunne. Bayan dodon kunne, a cikin ƙashin kai, akwai wani ƙanƙanin wuri da ake kira kunnen ciki. Aikinsa biyu ne, ji da kuma daidaita tsayuwar jiki. A kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa kamar zobe, cike da ruwa. Idan muka juya kai, ruwan ya motsa, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari cewa kai ya juya ta nan ko ta can. Duk wanda ya yi wasan juyi yana yaro ya san aikin ruwan nan. Ka yi ta kewayawa, ka tsaya cak, amma duniya ta ci gaba da juyawa har ka faɗi, saboda ruwan bai gama tsayawa ba.

Kusa da bututun nan akwai wata 'yar jaka da aka shimfiɗa wa wasu ƙananan tsakuwoyi, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Sinadarinsu irin na ɓawon ƙwai ne. Kowa yana da su, kuma halittarsu aka yi domin nauyinsu ya riƙa sanar da jiki ina ne sama ina ne ƙasa. Matsala tana farawa ne idan wasu suka ɓalle daga mazauninsu suka faɗa cikin ɗaya daga bututun. Daga nan duk lokacin da kai ya karkata, sai su gangara, su ja ruwan tare da su. Kunne ɗaya ya ce ana juyawa, ɗayan kunnen da idanu su ce ana kwance. Wannan saɓanin ne muke ji a matsayin hajijiya da tashin zuciya. Da tsakuwoyin sun kai ƙasa sun kwanta, sai abin ya lafa, shi ya sa ba ya daɗewa.

A nan ne kwanciya ta shigo. Cikin bututun uku, na baya shi ne ya fi zama a ƙasa idan mutum ya kwanta, don haka shi ya fi karɓar tsakuwar da ta ɓalle. Likitoci sun ce cikin kowane mutum 10 masu wannan ciwo, 8 zuwa 9 a bututun baya abin yake. Mutum kuma yana shafe sa'o'i a kwance, tsakuwoyin suna samun lokacin taruwa su dunƙule, kamar yadda gasara ke kwantawa a gindin roba idan aka bar ta ta kwana. Juyin farko na asuba shi ke tayar da su gaba ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa jirin safe ya fi na rana ƙarfi, kuma shi ne amsar masu tambayar me ya sa abin ba ya zuwa sai dare ya raba.

Ciwon ba sabo ba ne a wurin masana. A shekarar 1921 wani likitan kunne haifaffen birnin Biyana, Robert Bárány, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta 1914 a kan binciken kunnen ciki, ya rubuta labarin wata mata da jiri ke kamawa idan ta kwanta ta ɓarin dama. A 1952 likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka fayyace ciwon sosai, suka kuma tsara gwajin da ake amfani da shi har yau da sunansu. Maganin da ya fi shahara kuwa wani likita ne a Amurka, John Epley, ya fito da shi wajen 1980. Abokan aikinsa sun daɗe suna shakkar cewa juya kan mutum kawai zai warkar da jiri, sai a 1992 ya wallafa sakamakonsa, daga baya duniya ta karɓa.

Wa ya fi kamuwa? Wani babban bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 2007 ya nuna cewa kusan mutum 2 zuwa 3 cikin 100 suna gamuwa da shi a rayuwarsu. Ya fi yawa daga shekara 50 zuwa sama, kuma mata sun fi maza, kusan ninki biyu. Sau da yawa ba a gano abin da ya ɓallo tsakuwar. Amma akwai dalilan da aka sani, kuma wasunsu sun shafe mu kai tsaye. Buguwar kai tana kan gaba, ko da ba a ga jini ba. Mu tuna yawan 'yan uwanmu masu acaba da Keke, da 'yan dako a Mile 12, da masu aikin gini. Matashin da ya faɗi a babur makonni biyu da suka wuce, yau yana kukan jiri idan ya kwanta, a tambaye shi ko kansa ya bugu. Doguwar jinya a kwance ma tana kawo shi, haka raunin ƙashi na tsufa, da ciwon kai na ɓari ɗaya, da wasu cututtukan kunnen ciki. Wani kuma a kujerar likitan haƙori ko wurin wankin kai abin zai fara bayyana, saboda an daɗe da kai a langaɓe ta baya.

Akwai wata magana da muka san za ta tsaya wa wasu a rai, gara mu faɗe ta a fili. Masu bincike a Jamus sun lura a 2004 cewa ciwon ya fi kama kunnen dama, kuma bincike a wasu ƙasashe, har da Japan, ya nuna cewa sau da yawa kunnen da ya kamu shi ne na ɓarin da mutum ya saba kwanciya a kai. Mu kuwa tun muna yara aka koya mana kwanciya ta dama. To, a fahimci abin da kyau. Bayanin masanan shi ne, idan tsakuwa ta riga ta ɓalle, kunnen da ke ƙasa shi ne nauyi zai fi jan ta zuwa cikin bututunsa. Miliyoyin mutane suna kwana ta dama tsawon rayuwarsu ba su taɓa sanin wannan jiri ba, kuma masu kwana ta hagu ma suna kamuwa, a kunnen hagu. Saboda haka mai lafiya ba shi da dalilin sauya kwanciyarsa. Maganar sauyi ta shafi wanda ciwon ya kama ne, na 'yan kwanakin da yake fama.

Mun taɓa raka wani dattijonmu mai sayar da goro zuwa wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, bayan ya yi kusan wata guda yana barci a zaune a jingine da buhu. Likitan ya saurari bayani ta bakin mai fassara, ya auna jini, ya duba tafiyarsa da ƙarfin hannuwansa. Sannan ya zaunar da shi a gadon gwaji, ya juya kansa zuwa dama kamar digiri 45, ya kwantar da shi da baya da ɗan sauri, kai ya ɗan zarce bakin gado. Daƙiƙa kaɗan shiru. Sai dattijo ya damƙe hannun ɗaya daga cikinmu ya ce, "Ga shi nan, yaro, riƙe ni!" Muka ce, "Baba, ku yi haƙuri ku buɗe ido, likita yana son ya gani." Mu kanmu mun ga ƙwayar idonsa tana fizga tana murɗawa. Wannan fizgar ido ita ce shaidar da likita ke nema, ita ke nuna masa kunnen da ya kamu da bututun da tsakuwar take.

A nan take ya yi masa maganin. Ya bar kan a haka har jirin ya lafa, ya juya shi a hankali zuwa hagu, ya dakata, ya mirgina jikin gaba ɗaya ta hagu fuska tana kallon ƙasa, ya sake dakatawa, sannan ya tashe shi zaune. Hikimar ita ce a bi da tsakuwar ta cikin lanƙwasar bututun, mataki-mataki, har ta fito ta koma jakar da ta baro. Duka bai kai minti 15 ba, babu allura, babu ƙwaya. Baba ya ce, "Shi ke nan? Ba za a rubuta komai ba?" Likita ya yi dariya ya ce ya dawo bayan mako guda. Ya yi kwana biyu yana jin kansa wani iri, kamar wanda ya sauko daga doguwar mota, daga nan ya koma rumfarsa.

Ba kowa ne ke warkewa a zama ɗaya ba, wani sai an maimaita sau biyu ko uku, amma kusan mutum 8 cikin 10 suna samun sauƙi da wannan hanya. Ko ba a yi komai ba ciwon yakan tafi da kansa cikin makonni ko watanni, sai dai wa ke da watannin da zai zauna jira, ga haɗarin faɗuwa? Magungunan jiri da ake saya a kemis, irin su Stugeron da Stemetil, suna iya rage tashin zuciya na ɗan lokaci, amma ba sa matsar da tsakuwa daga inda take. Suna kuma sa barci da kasala, abin da ke ƙara wa tsoho haɗarin faɗuwa. Haka nan ɗiga mai a kunne ko sakace shi da tsinken ashana ko gashin kaza ba ya kaiwa wurin, domin dodon kunne ya tare hanya. Abin da zai iya jawowa kawai shi ne rauni.

Yanzu ga maganar kwanciya ga wanda ciwon yake damu. Ya fara lura da ɓarin da ke tayar masa da jirin, domin galibi kunnen wannan ɓarin ne ya kamu. Kafin ya samu ganin likita, ya guji sa wannan kunnen a ƙasa. Ya ɗaga kai da kafaɗu da filo biyu, kada ya kwanta shamɓar. Wanda ke juyi cikin barci ya tokare bayansa da filo ko naɗaɗɗen bargo. Mun san da yawa cikinmu ba a kan katifa suke kwana ba. Akwai mai kwana a benci a bakin shago, akwai mai gadi, akwai direban da ke kwana a cikin mota ko a kan kaya. Duk wanda ke cikin wannan hali ya sauko ƙasa ya shimfiɗa tabarma har ya warke, saboda jirin da bai kai minti ɗaya ba ya isa ya jefo mutum daga kan tirela. Idan za a tashi, a fara zama a bakin shimfiɗa na ɗan lokaci, a tsayar da ido a kan abu ɗaya, sannan a miƙe. A ajiye tocila kusa, kada a nufi banɗaki cikin duhu.

Bayan an yi maganin fa? A da likitoci suna cewa a yi kwana biyu ana barci a zaune, wasu har da ɗaura abin tallafar wuya. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta sabunta a 2017 ta ce ba sai an ɗora wa kowa wannan takura ba, domin bincike bai nuna tana ƙara wani abin kirki ba ga yawancin mutane. Duk da haka, ga wanda ciwon yake yawan dawo masa, likita yana iya ba shi shawarar ya ɗan daɗe yana ɗaga kai, ya kuma rage kwana a kan kunnen da ya kamu. A bi abin da likitan da ya duba mutum ya ce. Abin da ba a so shi ne mutum ya sandare wuyansa wata da watanni don tsoro, domin jiki yana buƙatar motsi kafin ya koma daidai.

Kuma a sani ciwon yana iya dawowa. Kusan rabin waɗanda suka warke suna sake gamuwa da shi cikin shekaru. Dawowarsa ba ta nufin maganin farko bai yi ba, wata tsakuwar ce ta sake ɓallewa, kuma hanyar da aka bi da farko ita za a sake bi. Wani bincike da aka yi a Koriya ta Kudu aka wallafa a 2020 ya nuna cewa ba da bitamin D da kalsiyam ga masu ƙarancin bitamin ɗin yana rage yawan dawowar. Wannan abin tambaya ne a wurin likita, musamman ga iyayenmu mata da ba su cika fita rana ba. Akwai bidiyoyi da yawa a waya masu koya yadda mutum zai juya kansa a gida. Shawararmu ita ce kada a fara sai likita ya tabbatar da ciwon, ya faɗi kunnen da ya kamu, ya kuma koya da hannunsa, musamman ga mai ciwon wuya ko baya ko zuciya.

Ruku'u da sujada suna daga cikin abubuwan da ke tayar da wannan jiri, kuma mun ga dattawan da abin ya fi yi musu ciwo a rai fiye da ciwon kansa. Malamanmu sun sha sanar da mu cewa mara lafiya yana da sauƙi, wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi a zaune. A tambayi malami, a yi abin da jiki zai iya, kwanaki kaɗan ne. Mai tuƙi da mai hawa tsani da mai ɗaukar kaya a ka su dakata da aikin har a yi magani. Mun san zafin rasa kuɗin yini, amma a nan ne zumuncinmu ya kamata ya yi aiki, a tallafa wa ɗan uwa na kwana biyu ko uku.

Sai gargaɗi mafi muhimmanci. Ba kowace hajijiya ce ta tsakuwar kunne ba. Idan jiri ya zo tare da karkacewar baki, ko harɗewar harshe, ko ganin abu biyu-biyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko matsanancin ciwon kai, ko mutum ya kasa tsayuwa sam, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, to wannan yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. A nufi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, musamman idan mai hawan jini ne ko ciwon suga. Haka jirin da ke ɗaukar sa'o'i tare da ƙara a kunne da raguwar ji, ko wanda ke yini ya kwana ba ya lafawa ko an kwanta shiru, waɗannan wasu cututtuka ne daban masu buƙatar nasu binciken.

Ranar zuwa asibiti, yadda aka yi bayani yana da tasiri sosai, balle a nan kudu inda sau da yawa sai da mai fassara. Idan aka ce "jiri" kawai, ko aka faɗa da Buroka cewa ido ke juyawa, likita yana da dalilai masu yawa da zai yi tunani a kai. A faɗa masa abubuwa huɗu: ɗaki ne ke kewayawa, yana zuwa idan an kwanta ko an juya ko an ɗaga kai sama, ba ya kai minti ɗaya, kuma ta ɓari kaza ya fi zuwa. A ambaci duk wata faɗuwa ko buguwar kai, a tafi da kwalayen magungunan da ake sha. Manyan asibitocin koyarwa kamar UCH a Ibadan da LUTH a Idi-Araba suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ga wanda kuma ya je gida akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Wasu likitocin gashi da motsa jiki ma sun iya wannan magani.

Roƙonmu ga matasa shi ne a riƙa lura da dattawa. Yawancinsu ba za su ce komai ba, sai dai ka ga Baba ya koma barci a kujera, ko Inna ta daina sunkuyawa ta ɗauki buta, ko tana juyawa da jikinta gaba ɗaya idan an kira ta. A zauna kusa a tambaye su cikin ladabi ko ɗaki yana juya musu idan sun kwanta. Idan suka ce e, a nemi rana a raka su. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya karatun boko ba, a majalisa ko a rumfa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya kuma tsare mu a wuraren neman abincinmu. Amin.